Ƙullutun da Likita Ya Ƙi Taɓawa

Akwai wata mai kitso da labarinta ya hana ni sukuni, jama'a. Shekara goma sha biyar tana ciyar da 'ya'yanta uku da yatsunta, sai ɗan yatsanta na tsakiya ya fara maƙalewa in ta lanƙwasa shi.

Aka kai ta wurin wani likitan hannu mai ji da kansa. Da bakin allura ya saki jijiyar, babu yanka babu ɗinki, yatsa ya miƙe sarai.

Bayan wata huɗu, wani ƙullutu kamar ƙwayar wake ya fito daidai inda allurar ta shiga. In ta ja gashi, sai zafi ya harba har gwiwar hannu. Ta koma.

"Likita, don Allah ka duba min wannan abin."

Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. "Baiwar Allah, aikina ba ya barin matsala. Tabo ne, ki riƙa murzawa da ƙarfi."

Sau uku tana zuwa, sau uku yana sallamarta. Mutumin nan ko sau ɗaya bai taɓa hannun ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ta yi ta murzawa kamar yadda ya ce, har abin ya fashe a ciki, tafin hannun ya kumbura ya tara mugunya.

Wata likita ce ta yi mata tiyata a wani asibitin. Ta ce mata, "Yaya, ɗan guntun fata ne allurar ta tura ciki, ya zama ƙullutu. Yana faruwa ga gwanaye ma. Da an cire shi da wuri, aikin 'yan mintuna ne."

Ciwon ya warke, amma yatsan ya ƙage.

Mai kitson ta koma wurin likitan farko a ranar da layi ya cika. Ta wuce kowa, ta bar ƙofa a buɗe, ta ajiye hannun a kan teburinsa.

"Ga aikinka da ba ya barin matsala. Yau ma ba za ka taɓa ba?"

Masu jira suka fara karɓar katunansu suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Ita kuwa, yanzu maƙwabciya take kai wa 'yarta a yi mata kitso.

Darasi: Kuskure ba ya raina gwani, girman kai ne ke mayar da shi ɓarna. In mai ciwo ya dawo da kuka, ka ajiye wayarka ka duba shi. Ku tura wa duk wanda lafiyar mutane ke hannunsa.