Mutumin da Ya Toshe Tagogin Gidan Littattafai

An yi wani mutum a wani ƙaramin gari na masu noman dabino a kudancin Maroko, aka damƙa masa mabuɗin gidan littattafan garin. Wata attajira, Lalla Zuhur, ta gina gidan wakafi tun zamanin kakanni, da katanga mai kauri da tagogi can sama don iska ta ratsa. Kowace shekara, in an gama girbin dabino, jama'a kan fito da littattafan inuwa, su buɗe su shafi-shafi, su kakkaɓe, su sa ganye mai ɗaci a tsakani saboda ƙwari.

Mutumin nan bai taɓa satar ko fallen takarda ba. Ciwonsa girman kai. Da ya ga manomi na taɓa littafi sai ransa ya ɓaci. Ya hana fitar da su, ya toshe tagogi da laka wai saboda ƙura, ya rataya mabuɗi a wuya.

Si Buzid maƙeri ya tare shi a ƙofar masallaci. "Haba ɗan uwa, laifin me suka yi ka ɗaure su? Bar su su sha iska mana."

Ya ce, "Je ka wanke hannunka tukuna, sannan mu yi zancen ilimi."

Shekara goma sha bakwai ƙofa na rufe. Sai hukuma ta aiko a sa ginin cikin kayan tarihi. Ya sa sabuwar jallabiya, ya tara gari, ya buɗe. Ya ɗauki littafin farko, bango kawai ya rage a hannunsa, cikin ya zube kamar dusa. Gara ta gama da su kakaf. Ɗaya tak ya tsira, wanda wata tsohuwa ta ara tun kafin kulle, take karanta wa jikokinta.

Ba wanda ya zage shi. Ya cire mabuɗin ya miƙa, aka rasa mai karɓa. Har ya mutu bai sake bin wannan layin ba, kuma wallahi ina jin tausayinsa.

Ya 'yan uwa, ginin na nan, an yi masa fenti, kantocinsa wayam. Wa ya cinye amanar nan, garar ko mai gadin? Shi yana ganin tsaro yake yi. Mu fa, me aka ba mu riƙo don jama'a muka kulle? Ranar da za a ce buɗe, me za mu ɗauko?

Allah ya kiyaye mu da ɓoye abin da ba namu ba. Amin.