Saniyar da Ta Haɗiye Waya

Akwai wani mutum, manomi, yana da saniya guda ɗaya, ja, tana da ciki. Da nononta 'ya'yansa duka suka tashi. Kowace kaka yakan ɗaure harawar wake da igiyar rama, ya ɗora a kan rumfa saboda rani. Wata shekara ya ga tufkar igiya tana ci masa lokaci, sai ya kwaso siririyar waya daga inda ake ƙone tsofaffin tayoyin mota, ya ɗaure dammunansa da ita. In zai ba saniya, sai ya datse wayar da adda, ya zuba harawar a komi.

Da rani ya yi tsakiya, saniya ta daina ci. Takan tsaya da baya a tanƙware, in za ta kwanta sai nishi. Mutumin ya duba bakinta da kofatonta, bai ga komai ba. Ya ba ta kanwa, ya jiƙa mata sassaƙe, a banza. Sai zuciyarsa ta koma kan maƙwabcinsa, wanda suka taɓa sa-in-sa a kan iyakar gona. Ya ce, "Shi ya ba ta wani abu." Ya daina gaishe shi. Daga bisani ya aika a kira mahauci, gara a yanka da ta zama mushe.

Matarsa ta ce, "Maigida, bari likitan dabbobi ya gan ta tukuna. Wuƙa ba inda za ta."

Likita ya iso a kan babur da wata na'ura mai kama da murfin tukunya a bakin sanda. Mahauci yana zaune yana wasa wuƙa, ya ce, "Likita, rediyo za ka kunna mata?"

"I mana, Sarkin Fawa. Zauna ka sha labarai."

Na'urar nan tana fitar da ƙarfi irin na maganaɗisu, wanda ido ba ya gani. Yana ratsa fata da nama, in ya tarar da ƙarfe sai ta yi ƙara. Likita ya bi wuyan saniya da ita, shiru. Ya bi baya, shiru. Da ya kai ƙarƙashin ƙirji, bayan ƙafar gaba ta hagu, sai ta ɗauki kuka.

Likita ya ce, "Baba, da me kake ɗaure harawa?"

Mutumin ya juya. Ya tafi komi, ya tona da hannu, ya fito da guntun waya. Ya daɗe yana kallonsa.

Likita ya ce, "Ba a makara ba." Ya ɗura wa saniya maganaɗisu kamar ɗan yatsa, ya yi mata allura. Ya ce maganaɗisun zai zauna a tumbinta, ya jawo wayar ya riƙe, ta daina sukarta. Mahauci ya mai da wuƙarsa kube yana cewa, "Yau kam kin sha."

Sannu a hankali saniya ta soma tuƙa. Da farkon damina ta haifi maraƙa. Ƙwaryar nono ta fari, mutumin da kansa ya ɗauka ya kai gidan maƙwabcinsa.

Ga ma'anar wannan misali. Saniyar ita ce ranmu. Wayar kuwa ƙaramin zunubin nan ne da muka shigo da shi da hannunmu domin ya fi sauƙi: 'yar ƙarya, ɗan ha'inci, ƙullin zuciya. Ba a ganinsa daga waje, saboda haka in ciwo ya taso sai mu duba gidan maƙwabci. Na'urar ita ce Maganar Allah, wadda take ratsa abin da ido ba ya ratsawa. Idan ana karatu ka ji ta yi ƙara a daidai wani wuri a zuciyarka, kada ka toshe kunne. Ba domin a kunyata ka ba ne. Ubangiji bai zo da wuƙa ba, da magani ya zo, alherinsa kuma yana iya riƙe abin da yake sukarka.

'Yan'uwa, kafin mu sake haɗuwa, kowa ya je ya tona kominsa. Wanda kuma ya daina gaida wani, ai ya san hanyar gidan.