Ruwan Rijiyar Honarabul

Saude, Bala, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni.

Kun san rijiyar burtsatsen da Honarabul Tukur, ɗan majalisarmu na jiha, ya haƙa a bakin kasuwa, wadda ba ta taɓa kawo ruwa ba. Jiya ya ce min, "Gwaggo, 'yan kwamitin majalisa za su zo duba aiki. Ki shayar da su ruwan rijiyata. In kika ce babu, ko kika ɗebo na wani wuri, rumfarki ta tashi."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Da suka zo, na buga famfon a gabansu har na gaji, na rufe ƙwarya da faifai, na durƙusa gaban Honarabul.

Na ce, "Mai rijiya ke fara sha."

Ya buɗe, ya ce, "Ai babu komai a ciki!"

Na ce wa baƙin, "Ku shaida, ba ni na faɗa ba."

Yanzu yaransa sun ce na saɓa, sai na bar rumfar. To ku raba mana gardama: ni da shi, wa zai kwashe kayansa?