Mutumin da Ya Zaɓi Manyan Ƙwai

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne, ya iya garma, ya san ƙasa, amma bai san komai ba a sha'anin kaji. Kajin gidan na matarsa ne. Ita ke buɗe akurki da safe, ita ke watsa musu hatsi, ita ta san wadda ke saka ƙwai da wadda ke kwanci. Shi dai nasa ya ga ƙwai a kwano ya sa hannu. Shekara ashirin da shida suna haka, sai Ubangiji ya kira matar, ta huta.

Ba a yi wata huɗu ba annoba ta faɗa wa kajin unguwar. Kowace safiya mutumin sai ya ɗauko biyu ko uku daga akurki ya je ya binne. Da cutar ta wuce, ba sauran zakara ko ɗaya a unguwar, shi kuwa kaza ɗaya tak ta rage masa, wata wake-wake da marigayiyar ta rena tun tana 'yar tsako. Ya ƙaunaci kazar nan ƙwarai, gama ita kaɗai ce abu mai rai da ya saura daga hannun matarsa. Babban burinsa shi ne ya ga ta cika gidan da 'yan tsaki kamar dā.

Ana nan sai kazar ta shiga gurbi ta kama kwanci. Labari ya kai ga wata tsohuwa, gwaggon marigayiyar, wadda ke zaune a hayin rafi inda annobar ba ta kai ba. Ta tsinto ƙwai goma daga kajinta, ta jera su a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, ta dogaro da sandarta har gidan mutumin.

Ta ce, "Ɗana, ga wannan ka sa wa kazar 'yata."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Amma da ta tafi ya buɗe ƙwaryar, sai ransa ya ɓaci. Ƙwan ƙanana ne, ba biyu da suka yi kama da juna. Wani fari, wani ja-ja, wani da ɗigo-ɗigo, wani ma da kashin kaza a jikinsa. Ya ce a zuciyarsa, "Ashe abin da ta raina shi ta kawo mini. Ƙaramin ƙwai ai sai ƙaramar kaza."

Washegari ranar kasuwa ce. Can ya ga ƙwai na kajin gidan gona an jera su reras, manya, launinsu ɗaya, sumul kamar an wanke. Ya tambayi mai sayarwa ko sabbi ne, aka ce masa na jiya ne, kuma gaskiya aka faɗa masa. Bai ce na kwanci yake nema ba, gama yana jin kunya a ce ƙato kamarsa, da furfura, bai san ƙwai ba. Ya sayi goma, ya zo ya jera su ƙarƙashin kazar. Na tsohuwar kuwa ya dafa, ya ci wasu, ya ba maƙwabta saura.

Kazar ta kwanta a kansu da aminci. Ba ta tashi sai sau ɗaya a yini, ta tsinci ƙwaya kaɗan, ta kurɓi ruwa, ta koma da gudu. Kwana ashirin da ɗaya suka cika, shiru. Mutumin ya ce babban ƙwai dole ya fi daɗewa. Aka yi kwana talatin. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce masa ya ɗaga kazar nan hakanan, ta rame. Ya amsa mata da cewa ya ji, bai kuwa ɗaga ba, domin ɗagawar tana nufin ya yarda ya yi kuskure. Ƙuma ta cika gurbin, kazar ta daina fitowa cin abinci. A rana ta talatin da takwas ya sa hannu zai shafa ta, ya tarar ta yi sanyi, fukafukanta a buɗe bisa ƙwan.

Ya fasa ƙwai ɗaya, ruɓaɓɓe. Ya fasa na biyu, ya fasa har na goma. Babu ko alamar ɗan tsako a cikin ɗaya. Ya zauna a ƙofar akurkin ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar jana'iza.

Daga baya ya haye rafi ya faɗa wa tsohuwar dukan abin da ya yi, bai ɓoye kome ba. Ta saurare shi har ya gama. Sa'an nan ta ce, "Ɗana, da ka tambaye ni. Launin ɓawo ai na uwa ne, kowace kaza da irin nata, haka za ta yi ta sakawa har ta mutu. Girma kuwa iri ne da shekaru da abinci. Sagara, wato budurwar kaza, in ta fara, ƙanana take sakawa, in ta manyanta su ƙaru. In ka fasa, gwaiduwa ɗaya ce. Waɗancan manyan, a keji ake tsare iyayensu, ba zakara a cikinsu. Na ci ne, ba na kwanci ba. Nawa ƙanana ne, amma kowanne da rai a cikinsa."

Mutumin ya ce, "Gwaggo, masu ran na dafa."

Ta ce, "Ai kuwa ka dafa su, ɗana."

'Yan'uwa, ma'anar wannan misali ga ta. Ƙwan nan mutane ne. Ɓawo shi ne abin da ido ke gani: launin fata, kabila, harshe, sutura, girman gida. Ba wanda ya zaɓi ɓawonsa, daga uwa ya samo shi, kamar yadda tsohuwar ta faɗa. Ran da ke ciki kuwa daga Allah yake, ba a gane shi da kallo, ba a auna shi da hannu. Mu ma irin kuskuren mutumin nan muke yi, kuma a cikin ikilisiya muke yinsa. Mai babbar riga ya shigo, dattawa uku su tashi ba shi kujera. Gwauruwar da ke sharar majami'a kowace Asabar ta shigo, ba mai matsa mata a benci, alhali wataƙila addu'arta ce ke riƙe da mu. Nakan ga wannan, raina kuma yakan ɓaci, domin ni kaina na taɓa yi.

Kazar kuwa ita ce zuciyarka. Ɗaya aka ba ka, kwanakinta kuma ƙidayayyu ne. Duk abin da ka sa mata za ta rungume shi da dukan ɗuminta, ba za ta tambaye ka ko da rai a ciki ba. Wani ya kwantar da tasa a kan suna, wani a kan yabon mutane, wani a kan ibadar da ta yi kyau a ido amma ba Ruhun Allah a cikinta. Shekaru suna wucewa, ba abin da ya fito, sai ya ce a ƙara masa lokaci. Ana yi masa faɗaka, girman kai ya hana shi ji, Hausawa kuwa sun ce girman kai rawanin tsiya ne. Ku lura, ba sayen ƙwan ne ya kashe kazar ba. A rana ta ashirin da biyu tana da rai, a rana ta talatin ma tana da rai. Ƙin ɗaga ta ne ya kashe ta.

Saboda haka kowa ya koma gida yau ya duba abin da zuciyarsa take kwance a kai. In babu rai a ciki, kada ka ji kunyar faɗa wa Ubangiji ka yi kuskure, gama shi ba ya korar mai tuba. Ka ɗaga ta tun tana da ɗumi. Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.