Rufin Ɗakin Inna

Akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin da 'yan unguwa ke kira Injiniya. Bai yi makarantar aikin ba, a bakin teburi ya koya, kuma gaskiya ya iya. Cutarsa ɗaya ce: in ya faɗi magana an gama, ko kai ka ƙera abin da ake gardama a kai.

Mahaifiyarsa, da kowa ke ce wa Inna, tana zaune a ɗakin baya na gidan. Tsohon ɗaki ne na bulon ƙasa, shekara arba'in da shida tana cikinsa, a ciki ta yi jinyar mijinta har ya rasu. Kwanon rufin ya ci tsatsa, yana yoyo ta wuri uku. Ƙanwar Injiniya da ke aure a wani gari mai nisa ta daɗe tana neman ɗauke tsohuwar, tana cewa Yaya ba ya kula da ita. Inna ta ƙi tafiya. Injiniya kuwa ya yi alkawarin sauya rufin, don a rufe wannan maganar.

Ana cikin haka wani abokin cinikinsa ya ba shi kyautar na'urar auna yanayi ta gida. Kashi biyu ce. Ɗaya ana kafawa a waje, tana da 'yan ramuka da take shaƙar danshin iska ta cikinsu. Ɗayan ɗan allo ne da ake ajiyewa a ɗaki. Babu waya tsakaninsu, ta iska suke magana. Allon ya nuna zafi, ya nuna danshi, sannan ya zana rana ko gajimare.

Takardar bayanin da ta zo a kwalin, matarsa ce ta tsinto ta a ƙarƙashin kujera.

"Baban yara, ba za ka duba wannan ba?"

"Shekara talatin ina buɗe cikin rediyo, takarda ce za ta koya mini sa batir? Ki kunna wuta da ita."

Yanzu ku ji aikin da gwani ya yi. Ya juya na'urar waje, ya ga tana da kyau, ya ce ruwa da rana za su lalata masa ita. Sai ya samo leda mai kauri, ya naɗe ta ninki biyu, ya bi da salatif, ya rataye ta a ƙarƙashin rumfa.

Matar ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Abin da aka yi don ya sha iska, ka ɗaure masa baki. Ta ina zai ji?"

"Ta inda rediyo ke jin magana alhali yana cikin akwati. Je ki duba tukunyarki."

A cikin leda kuwa babu komai sai busasshen zafi, don haka allon bai ƙara zana komai ba sai rana. Abin haushi, aka yi sati uku ba a sami ruwa ba. Kullum da safe Injiniya ya fito ƙofar shago ya sanar wa maƙwabta cewa yau babu ruwa, kuma a wuni babu. Kansa ya ƙara kumbura.

Ranar da aka sa za a yi rufi, kafinta ya zo da wuri. Dattijo ne, ba ya son yawan magana. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama.

"Injiniya, mu cire rabi mu mayar, gobe mu yi rabi."

"Katakon duk ya ruɓe. Ka kwashe gaba ɗaya."

"To a samo tamfol mu ajiye kusa. Iskar nan ta yi nauyi, gwiwata ma ta faɗa mini."

Injiniya ya zaro allon daga aljihu ya kai masa har hanci. "Ka ga wannan? Rana ce. Gwiwarka kuma ka kai ta asibiti, ni ba likita ba ne."

Kafinta ya ce, "Gidanka ne," ya hau tsani.

Aka riƙo Inna aka kai ta falo. Matar Injiniya ta fara fito da kaya, ta ɗauko tabarma da buta, za ta koma ɗauko akwati mijin ya dakatar da ita. Wai wahalar banza ce, jibi ma sai an mayar. Gado, katifa, akwatin da kayan marigayi ke ciki, duk aka bar su suna kallon sama.

Bayan azahar gabas ta haɗe. Matar ta leƙo ta ce, "Baban yara, dubi can." Ya dubi allo maimakon sama, ya ce wucewa zai yi.

Bai wuce ba. Kafin la'asar ruwa ya kece, irin wanda ba ka ganin katangar maƙwabci. Sai a lokacin Injiniya ya fita da gudu neman tamfol. Shago na farko a rufe, na biyu ya ƙare. Da ya dawo da aron wata guntuwa, iska ta fizge ta daga hannunsu kafin su ɗaura kusurwa biyu. Ruwa ya cika ɗakin har ya fito ta ƙofa, ba kuma wanda ya yarda ya shiga, don bangon ya fara tsagewa.

Washegari da hantsi, ana ta yayyafi, bangon baya ya zauna. Na gefe ya bi shi.

Inna ta sa aka kawo ta bakin ƙofar falo. Ta daɗe tana kallon tarin laka.

"Akwatin babanka fa?"

"Yana ƙarƙashi, Inna. Za mu tono."

Sun tono. Riguna sun rine da laka, hotuna sun manne da juna, in ka ɓamɓare ɗaya fuskar ta biyo yatsanka. Inna ba ta yi faɗa ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi a mayar da ita ciki, tana jin sanyi.

Bayan kwana uku ƙanwar ta iso da mota. Injiniya ya tare ta a ƙofa zai fara bayani.

"Yaya, ba gardama na zo yi ba, ka fi ni baki. Ina magungunanta?"

Ya juya wurin Inna ya durƙusa. "Wata biyu kawai ki ba ni. Zan gina miki wanda ya fi shi."

Ta dafa kansa, ta ce Allah ya yi masa albarka. Aka sa ta a mota.

Ya gina. Wata biyar ya ɗauka, bulon siminti, sabon kwano, taga biyu. Wannan karon duk abin da magini da kafinta suka ce, "to" yake cewa. Ranar da fenti ya bushe ya kira waya, ƙanwar ta kara wa Inna a kunne. Muryar Inna ta yi ƙasa sosai.

"Inna, ɗakinki ya kammala. Yaushe zan zo in ɗauko ki?"

Ta amsa masa a hankali.

"Ɗakina ai ya faɗi, ɗan nan. Wannan naka ne. Ƙafafuna ma ba za su kai ni ba."

Ba ta dawo ba. A can ta rasu, kafin shekara ta zagayo.

Darasi: Iya aiki ɗaya ba ya sa ka zama masanin komai. Na'ura abin da ka bar ta ta ji shi za ta faɗa maka, kuma wanda ya toshe kunnensa daga matarsa da masu sana'a, ba shi kaɗai zai sha wahalar ba, wani lokaci wanda ya fi so ne zai sha. Ku karanta bayani, ku saurari na kusa da ku tun rufi yana sama. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wancan da kuka sani ba a isa a gyara masa magana ba.