Ranar da Ruwa Ya Jira Kayan Yayata

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Yake bayarwa kuma Yake karɓa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Shekara ashirin da biyu na yi ina ɗaukar karatu a gaban Shehinmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, Allah Ya ƙara masa yarda, kuma a tsawon wannan zama ban taɓa jin an kawo masa mas'alar fiƙihu ko ta nahawu ya yi inda-inda ba, ban kuma taɓa ganin riga ta uku ta kwana a ɗakinsa ba. Karamominsa suna da yawa a bakin jama'a, amma ni abin da idona ya gani kaɗai zan rubuta, kuma a gidan yayata ya faru.

Mijin Yaya tela ne, Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki wanda a shekara arba'in na sana'a ko maɓalli bai taɓa yarwa ba. Da ya rasu sai ya bar mata gida mai ɗaki shida, huɗu daga ciki ba a iya buɗe ƙofarsu sai an tura da kafaɗa: kekunan ɗinki uku, bandir-bandir na yadi, buhunan ƙyalle, katifu, kujeru, rediyo biyar da babu mai magana a cikinsu. Bayan ta fita takaba gwiwoyinta suka matsa mata, har sau biyu tana yin tuntuɓe da ƙunshin kaya tana faɗuwa, na biyun ma sai da aka ɗinke mata goshi. Babban ɗanta, wanda malamin asibiti ne, ya gyara mata ɗaki biyu a gidansa, ita kuwa ta ce ko tsinke ba za ta bari a baya ba. Magana ta yi tsami tsakanin uwa da ɗa, har ya kai in ya zo gaishe ta sai ta juya masa ƙeya. Da na ga abin yana neman raba su, sai na kai kuka wurin Shehi.

Washegari da hantsi sai na gan shi a ƙofar gidan da sandarsa. Ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana tasbihi, sannan ya tambaya ko an raba gado. Aka shaida masa an raba, 'ya'yan kuma sun bar wa uwarsu kayan gidan duka. Sai ya dubi Yaya ya ce, "Baiwar Allah, waɗannan kaya sun gama aikinsu a wurinki."

Yaya ta sunkuyar da kai. "Allah Ya gafarta Malam, in na ba da su, ji zan yi kamar na sake binne shi."

"Ba binne shi za ki yi ba," in ji Shehi. "Aika masa za ki yi."

Sai ta ciro makullan ɗakunan daga bakin zanenta ta miƙa wa ɗanta, wanda rabon da ta dubi fuskarsa an fi wata. Shehi ya umarce ta ta ware abin da ɗaki biyu za su ɗauka, sauran a fito da su tsakar gida, a buɗe ƙofar waje, kada kuma a aika wa kowa.

Tsakiyar damina ce. Kafin mu gama fito da kayan hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas, iska ta fara kaɗa yadukan da muka jera a kan tabarmi. Ɗan yayata ya matso kusa da ni yana raɗa, "Kawu, don Allah ka yi masa magana. In ruwan nan ya sauko, ba kayan kaɗai za mu rasa ba, Inna ba za ta ƙara sauraron kowa ba." Kafin in buɗe baki Shehi, wanda yake zaune a kan buzunsa can ƙarshen tsakar gida, ya ce, "Ruwa bawan Allah ne kamar mu. Ku ci gaba da aikinku."

Sai ruwa ya kece. Wallahi, Allah ne shaidata, ina jin rugugin saukarsa a kan kwanon maƙwabta dama da hagu, ina ganin titi ya zama rafi har yana tafiya da takalman mutane, amma a tsakar gidan nan ko ɗigo bai sauka ba. Daga dokin ƙofa zuwa waje jiƙe sharkaf, daga dokin ƙofa zuwa ciki ƙasa busasshiya har tana tayar da ƙura in an taka.

Kuma ruwan nan shi ya koro mana masu kayan, domin duk wanda ya kama a titi ƙofarmu ya gani a buɗe. Na farko wani magidanci ne da ya shigo yana karkaɗe hula, ya yi turus a gaban keken ɗinki, ya shafa shi, sai hawaye. Ashe tela ne, an fasa shagonsa an kwashe masa keke, yana dawowa ne daga neman wanda zai ɗauke shi aiki. Bayansa wata mata ta shigo da 'ya'yanta mata biyu, waɗanda gobara ta cinye musu ɗaki, sati guda suna kwana a kan kwali. Sai wani direban motar kaya da ya kasa ganin hanya ya tsaya, motarsa kuwa wayam.

A nan na ga yayata yadda ban taɓa ganinta ba. Matar da jiya ba ta yarda a taɓa mata ƙyalle, yau ga ta tsaye ƙiƙam ta manta da gwiwa, tana nuni da hannu kamar mai rabon sarauta. "Kai, ɗauki wannan keken, shi marigayi ya fi so, sai dai yana son mai. Ke, ƙanwata, katifa biyu za ki ɗauka, 'yan matan nan sun girma. A ƙara mata tukwane!" Wani tsoho ya nemi rediyo, ta ce masa, "Ɗauki duka biyar ɗin, Baba, in ɗaya ta yi magana ka zo ka ba ni labari." Tsakar gida ta ɗauki dariya. Direban ya rufe kayan da tamfol, ya yi ta sawu yana kai kowa gidansa.

Gab da la'asar babu abin da ya rage sai kujerar da marigayi yake zama a kanta in yana ɗinki. Yaya ta dafa ta, ta yi masa addu'a a hankali, sannan da hannunta ta miƙa wa telan. Ƙafarsa tana ƙetare dokin ƙofa Shehi ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku shiga daga ciki." Ba mu kai baranda ba ruwa ya sauko a tsakar gida kamar da bakin ƙwarya. Yaya kaɗai ta ƙi gudu. Ta tsaya a fili ruwa yana dukanta, ɗanta ya shiga neman laima ya tarar duk ta bayar, sai ya fito haka nan ya tsaya kusa da ita, ta kama hannunsa, suna kuka suna dariya.

Washegari sawu ɗaya ƙaramar mota ta yi ta kwashe ta da kayanta. Shekara bakwai ta yi a ɗakunan nan biyu cikin walwala, jikoki suna shiga suna fita, ba ta ƙara faɗuwa ba har Allah Ya karɓi abinSa. Ni kuwa da na tayar wa Shehi da zancen ruwan, sai ya katse ni ya ce, "Riƙe ruwa ba wuya ba ne a wurin Mai shi. Ka je ka yi alfahari da yayarka, ita ce ta buɗe hannu."

Haka Shehinmu yake, kogin ilimi, fitilar masu neman shiriya, wanda ko karamarsa ba ya yarda ta zauna a hannunsa. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajarsa, Ka jiƙan yayata da mijinta, Ka sauƙaƙa mana sakin abin da ba za mu tafi da shi ba, Ka kuma ba mu albarkacin bayinKa na gari, mu da duk wanda ya karanta wannan. Amin.