Wanda Ya Tofa wa Tofa Yawu

Ga ta nan, ga ta nanku! Kun ce ta zo ku ji ta? To ku matso, ga ta nan tafe a guje.

Kurege ne dai, uban kwaɗayi, ya gano rumbun gyaɗar Kura. Yau ya ci, gobe ya ci, jibi sai Kura ta yi caraf da wuyansa.

"Yau kwananka ya ƙare!"

"Haba Gwaggo, ai ni ba na mutuwa," in ji Kurege. "Kin ga ciyawar can ta fadama? Don me ake ce mata tofa? Ni na tofa mata yawu! Tun daga ranar, mutuwa ta haƙura da ita."

Kura ta ɗaure shi a gindin rumbu, ta tafi gwaji. Ta yanke tofa da lauje, kaifin ganyen ya tsaga mata hannu. Kwana bakwai, tofa ta fito! Ta cinna mata wuta. Kwana bakwai, tofa ta fito kore shar, ba a jima ba har da fure fari fat kamar auduga! Ta sa fartanya ta daddatse farar saiwar, kowane guntu ya zama sabuwar tofa.

Kura ta sheƙo tana haki, ta kwance shi.

"Tofa mini! Tofa mini!"

Da mai hankali ne, da nan ya arce. Amma ina! Kurege rumbu yake kallo.

"Yawun ya ƙafe, Gwaggo. Sai an jiƙa shi da gyaɗa."

Ya ci, ya tofa. Ya ci, ya tofa. Kura tana shafawa a fuska tana cewa amin. Ran da rumbu ya koma wayam, Kurege ya yi ɓul-ɓul, wuya har ninki uku. Kura ta dube shi, nata yawun ya tsinke.

"Kai fa ka ce ba ka mutuwa? Madalla! In cinye ka yau, bayan kwana bakwai ka tsiro, in sake ci!"

Wayyo! Ƙaryarsa ta juyo kansa. Gumi ya keto masa, amma bakin bai mutu ba.

"Ai kuwa kin kawo dabara, Gwaggo! Sai dai a kan tsakuwar nan yaya zan tsiro? Mu je fadama, inda makiyaya suka ƙone makon jiya. Ki hau suri, ki rufe ido, ki diro a kaina da ƙafa huɗu, in nutse a ƙasa kamar iri."

Kurege ya san sabon tsiron tofa, tsini gare shi kamar allura. Ya bi tsakaninsu a hankali, ya tsaya a bakin wani tsohon raminsa.

Kura ta hau suri, ta rufe ido, ta diro tim! Kurege ya goce. Tsini ya shige ƙafafunta caka-caka, ta ƙwalla ihu. Shi kuwa ya cusa kai rami, ƙiba ta tokare, ya yi nishi, ya mutsuka, sai da gashin gefensa ya tuje kafin ya shige.

"Maƙaryaci! Yawunka bai yi komai ba!"

Daga can ƙasa Kurege ya ce, "Gwaggo, tofa ba da yawu take tsira ba. In wuta ta zo, a ƙarƙashin ƙasa take ɓuya. Sai bayan kwana bakwai!"

Shi ya sa har yau Kura take ɗingishi.

Ƙurunƙus kan guntun gyaɗa! In za ku ce ba kwa mutuwa, ku fara gina rami, kuma ku gina shi da faɗi.